Zaɓen Kolom a Gwajin Magunguna da Samfurin Jini: Tambayoyi da Amsoshi

Na'urar HPLC, wadda ake raba sinadarai da auna su da ita a ɗakin gwaji, duk girmanta da tarin wayoyinta, aikinta tura ruwa ne da ganin abin da ya fito. Ainihin rarrabe sinadarai a cikin wani siririn bututun ƙarfe ake yin sa, wanda tsawonsa bai cika wuce milimita 250 ba, shi ne kolom. Idan aka dace da shi, sauran aikin ya zo da sauƙi. Idan aka kuskure, sai a yi ta juya haɗin ruwa ana zargin famfo, alhali ba a nan gizo ke saƙa ba. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ɗalibai da sababbin ma'aikatan ɗakin gwaji suka fi yi, kuma duk amsoshin kan abu guda suka tsaya: sinadarin da kake nema da samfurin da yake ciki su ke zaɓen kolom, ba sunan da ke jikin kwali ba.

Me ke cikin kolom, kuma yaya yake raba sinadarai?

An danƙare shi da ƙananan ƙwayoyin silika masu ramuka, an kuma lulluɓe fuskar ƙwayoyin da wani sinadari mai riƙo. Famfo na tura ruwan ɗauka ta cikinsu, samfur na tafiya tare da ruwan. Sinadarin da shimfiɗar ta fi riƙewa sai ya makara, wanda ya fi son ruwa sai ya riga fita. Kowanne ya iso na'urar gani sai ya bayyana a allo kamar tudu, lokacin fitarsa ya nuna ko wane ne, girman tudun ya nuna yawansa.

Dabarar ta daɗe. Mikhail Tsvet, masanin tsirrai na Rasha, shi ya fara raba launukan ganye a bututun gilashi da ya cika da garin alli, ya kuma ba abin suna kiromatogirafi a 1906. Abin da ya sauya tun lokacin shi ne ƙanƙantar ƙwayoyi, ƙarfin matsi, da yawan nau'o'in shimfiɗa.

Na ga kowa C18 yake amfani da shi. To me ya rage a zaɓa?

Gaskiya ne, C18 shi ne mafari, kuma da dalili. Sarƙa ce ta kabon 18 da aka ɗaura a kan silika, tana riƙe duk abin da ke gudun ruwa, kuma mafi yawan magunguna suna da wani ɓangare mai gudun ruwa. Farasitamol, ibufurofen, dikilofenak, duk suna zama a kansa lafiya. Wanda ya fara sabuwar hanya da C18 bai yi laifi ba.

Laifin shi ne a tsaya a nan. C18 kusan abu ɗaya yake gani, wato yadda sinadari ke ƙin ruwa. Sinadarai biyu da suka yi daidai a wannan hali za su fito tare ko da siffarsu ta bambanta. Shimfiɗar fenil da baifenil suna lura da zoben benzin da ke jikin sinadari. PFP, wato fenil mai fulorin biyar, tana lura da siffa da wurin da kowane reshe ya zauna. C8 kuwa, mai sarƙar kabon 8, ɗan'uwan C18 ne, riƙonsa ne kawai ya fi sassauci, saboda haka komawa C8 don a raba abin da C18 ya kasa rabawa galibi ɓata lokaci ne.

To daga ina zan fara?

Daga takarda, kafin ka taɓa na'ura. Ka zana siffar sinadarin, ka nemi pKa ɗinsa (wato matakin tsami, pH, da rabin sinadarin ke ɗaukar caji a kai) da yadda yake narkewa, ka san nauyinsa. Sannan ka tambayi kanka daga me kake son raba shi: daga gurɓatattun sinadaran da ke cikin ƙwayar magani, ko daga abubuwan da jiki ya mayar da shi, ko daga dattin filasma, wato ruwan jini? Sai na'urar gani: ta hasken UV ce ko MS, mai auna nauyin molikul? Daga ƙarshe, matsi nawa famfonka zai ɗauka?

Amsoshin nan su ke rage maka kolom ɗari zuwa uku ko huɗu. Shawarata ita ce ukun nan su kasance masu bambancin hali na gaske, misali C18 ɗaya, fenil ko baifenil ɗaya, PFP ko mai rukunin son ruwa a gindinsa ɗaya. Ka gwada kowanne da asetonaitiril da kuma metanol, waɗanda ake gaurayawa da ruwa a yi ruwan ɗauka, a pH na ƙasa da na sama idan kolom ɗin zai jure. Shimfiɗun fenil sun fi nuna halinsu a metanol, domin asetonaitiril na dakushe mu'amalarsu da zoben benzin.

Idan tudu biyu suka haɗe, ba sai in ƙara tsawon kolom ba?

Wannan shi ne abin da hankali ke fara kawowa, kuma shi ne mafi ƙarancin riba. Tazarar da ke tsakanin tudu biyu ba ta ƙaruwa daidai da tsawo. Ka ninka tsawon kolom sau biyu, tazarar za ta ƙaru da kusan kashi 41 cikin ɗari ne kawai, amma lokacin gwaji da matsi duk sun ninka. Idan kuwa tudun biyu a kan juna suke zaune sarai, ko ka ninka sau huɗu ba abin da za ka gani. Sauya shimfiɗa, ko pH, ko nau'in ruwa, shi ke iya tura ɗaya gaba ya bar ɗaya a baya. A ma'aunin rabuwar tudu, tazarar 1.5 ita ce ake ɗauka an rabu har ƙasa, amma mai neman kwanciyar hankali 2 yake nema, saboda kolom na tsufa.

Na sayi C18 na wani kamfani daban, sai sakamako ya sauya. Ba duk C18 ba ne?

Suna ɗaya ne, hali daban. Silikar da ke ƙasa ta bambanta wajen tsabta da faɗin fuska, yawan kabon da aka ɗaura ya bambanta, yadda aka ɗaura shi ma haka. Babban abin kuma shi ne silanol, wato rukunin da ke fuskar silika wanda ake ɗaura sarƙar a kansa. Saboda ƙaurin sarƙar C18, kusan rabin silanol ɗin ba ya samun ɗauri. Kamfanoni na rufe wasu daga cikin ragowar da ƙaramin sinadari, amma ba wanda ke rufe su duka, kuma kowa da irin nasa rufin.

Akwai hanyar kwatantawa. Hukumar USP, mai fitar da kundin ƙa'idojin magunguna na Amurka, na da rumbun bayanai na kwatanta kolom, wanda wani sashensa ya dogara ga aikin Lloyd Snyder da John Dolan da abokan aikinsu, inda aka auna halayen ɗaruruwan kolom. Yana taimakawa wajen neman makamancin wanda kake da shi, haka kuma wajen neman wanda ya fi nisa da shi idan bambanci kake so. Amma dai jagora ne. Hukuncin ƙarshe sai ka saka samfurinka ka gani.

Me ya sa tuduna yake jan jela?

Idan maganin mai amin ne, wato rukuni mai naitirojin da ke iya ɗaukar caji, kamar amitiriftilin ko furofaranolol, to zargi na farko silanol ne. A pH na tsakiya silanol na ɗauke da cajin negatif, maganin kuma na ɗauke da fozitif, sai wani kaso na maganin ya maƙale ya riƙa saki a hankali. Abin da za ka gani shi ne tudu ya tashi tsaye ta gaba, ta baya kuma ya gangara a hankali kamar ba zai ƙare ba. Illar ba ta kyan gani ba ce kawai. Ƙaramin gurɓataccen sinadari da ke fitowa bayan babban tudu yana iya ɓuya a ƙarƙashin jelar, a ba maganin shaidar tsabta alhali ba haka ba ne.

Maganin abin: silika ta zamani mai tsabta wadda ba ta da ƙarfe a jikinta, rufi mai kyau, da pH na ƙasa da 3 inda yawancin silanol ba su da caji. Ƙa'idar da kundayen magunguna suka daidaita a kai ita ce ma'aunin daidaiton tudu ya kasance tsakanin 0.8 da 1.8, sai dai idan hanyar ta faɗi wani abu daban.

Ka lura da wannan: idan duk tudun da ke allo ne ke jan jela ko suka rabe biyu, ba silanol ba ne. Ko dai matatar bakin kolom ta toshe, ko shimfiɗar ta zauna ta bar rami, ko an ɗaura bututu bai kai ƙarshen mazauninsa ba.

Wane pH zan zaɓa, kuma kowane kolom zai jure?

Ka nisanci pKa na sinadarinka da maki biyu idan da hali. A daidai pKa rabinsa na da caji rabi babu, ɗan kuskure wajen haɗa bafa, wato haɗin da ke tsayar da pH wuri ɗaya, sai lokacin fita ya yi ta yawo. Magunguna masu asid kamar ibufurofen sun fi zama a pH na ƙasa. Fomik asid kashi 0.1 cikin ɗari na ba da kusan 2.7. Masu amin kuma, waɗanda pKa ɗinsu ke tsakanin 8 da 10, suna riƙuwa sosai da kyan tudu a pH 10.

Amma silika ta yau da kullum tsakanin 2 da 8 take rayuwa. Ƙasa da 2 ɗaurin sarƙar ke tsinkewa, riƙo ya yi ta raguwa. Sama da 8 silikar kanta ke narkewa, kuma zafi da bafar fosfet na gaggauta hakan. Mai son aiki a pH 10 sai ya nemi ƙwayoyin haɗin gambiza na silika da kabon, waɗanda da yawansu an ƙera su don 1 zuwa 12. Bafa kuma tana aiki ne a cikin maki ɗaya daga nata pKa: fomet wajen 3.8, asitet 4.8, fosfet 2.1 da 7.2, amoniyam 9.2.

Ina da LC-MS/MS, wato HPLC da aka haɗa da MS. Tunda na'urar na bambance nauyi, me zai sa in damu da rabuwa?

Wannan tambaya ita ce ta fi damuna, domin a nan kuskure ke kaiwa ga mutum. MS nauyi take gani, kuma akwai sinadarai masu nauyi ɗaya sak. Mofin da haidiromofon duk a nauyi 286 suke bayyana. Kodin da haidirokodon duk 300. Metamfetamin da fentamin, maganin rage ƙiba, duk 150. Taramadol da sinadarin da jiki ke samarwa daga benlafaksin, maganin ciwon damuwa, duk 264, kuma dukansu suna ba da gutsuren 58 idan an fasa su. Idan kolom bai raba su ba, mai shan maganin da likita ya rubuta masa yana iya samun sakamakon da ke cewa ya sha wani abu daban. A gwajin ɗaukar aiki ko gaban kotu, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Shi ya sa ɗakunan gwajin ƙwayoyi da yawa suka koma baifenil ko PFP, saboda suna riƙe irin su mofin fiye da C18 kuma suna raba masu nauyi ɗaya.

Haka abin yake a gwajin bitamin D na jini. Akwai wani tagwayensa, 3-epi, wanda ya fi yawa a jinin jarirai. A C18 na yau da kullum tare suke fita, sakamako ya haura gaskiya. PFP na raba su.

Akwai kuma tarko na biyu. Hanta na maƙala wa magunguna da yawa wani rukuni mai suna gulukuronaid don a fitar da su. Wannan maƙalin kan tsinke a bakin MS saboda zafi da wutar da ke wurin, sai sinadarin ya koma nauyin uwarsa. Idan sun fito a lokaci guda, na'ura za ta ƙirga su duka a matsayin maganin. Abin takaicin shi ne ba za ka ga wannan a samfurin da ka haɗa da hannunka ba, domin babu gulukuronaid a ciki. Sai jinin wanda ya sha maganin na gaske ya zo tukuna.

Wani sharaɗi na MS: bafa ta zama mai tashi a iska, kamar amoniyam fomet ko asitet. Fosfet na daskarewa a bakin na'ura. TFA, wani asid da ake ɗigawa a ruwan ɗauka, na gyara tudu amma tana danne siginal. Don haka a MS kolom ne zai ɗauki nauyin da a UV ake ɗora wa bafa.

Sinadarina ya ƙi zama a C18, yana fita tun farko. Yaya zan yi?

Irin su metfomin ke nan, masu tsananin son ruwa. Fita tun farko matsala ce babba a samfurin jini da fitsari, domin a nan gishiri da duk tarkacen da ba su riƙu ba ke fita.

Mataki na farko shi ne rage asetonaitiril har kusan sifiri. Amma C18 na gama-gari ba ya son zallar ruwa: idan aka tsayar da famfo, ruwan kan fice daga ramukan, riƙo ya ɓace gaba ɗaya. Akwai C18 da aka ƙera don ruwa ɗari bisa ɗari, su za ka nema. Idan hakan bai wadatar ba, sai HILIC, sunan da Andrew Alpert ya raɗa wa dabarar a 1990. A nan komai a juye yake: shimfiɗa mai son ruwa ce, kamar zallar silika ko amaid, ruwan ɗauka kuwa galibinsa asetonaitiril ne, ruwa shi ne mai ƙarfin kora. Ribarsa a MS ita ce siginal na ƙaruwa saboda asetonaitiril na saurin tashi. Wahalarsa ita ce yana buƙatar dogon lokaci kafin ya daidaita, kuma idan ka narkar da samfur a zallar ruwa ka saka, tudu zai wargaje. HILIC na masu haƙuri ne.

Sinadaran haɗa caji, waɗanda ake zubawa a ruwan ɗauka don su taimaka wa sinadari mai caji ya riƙu, su ma suna aiki, amma suna maƙalewa a kolom da cikin na'ura. Kolom ɗin da ya sha su a keɓe shi ga wannan aikin kaɗai.

Girman ƙwaya, tsawo da faɗi fa?

Ƙaramar ƙwaya na ba da siririn tudu, amma matsi na hawa da sauri ƙwarai. Daga maikiromita 5 zuwa 1.7, a tsawo ɗaya da gudu ɗaya, matsi zai ninka fiye da sau takwas. Tsofaffin na'urori a matsin bar 400 suke tsayawa. Waɗanda ke ɗaukar bar 1000 zuwa sama sun yaɗu ne bayan kamfanin Waters ya fito da tsarin UPLC a 2004.

Hanyar kwatantawa mai sauƙi ita ce raba tsawo da girman ƙwaya. Milimita 150 mai ƙwayar 5, milimita 100 mai 3.5, da milimita 50 mai 1.7, idan an mayar da milimita zuwa maikiromita, duk suna ba da wajen 30,000, wato ƙarfin rabuwarsu ya yi kusa, lokaci ne ya bambanta.

Ga mai tsohuwar na'ura, ƙwayoyi masu dunƙulen ciki da ɓawo mai ramuka su ne mafita. Na maikiromita 2.7 na kusantar aikin na ƙasa da 2 a wajen rabin matsin. Ni dai a ganina, ga yawancin aikin yau da kullum, su ne zaɓin da ya fi daidaito.

Faɗi kuwa ya bi na'urar gani. Milimita 4.6 da gudun mililita 1 a minti shi ne na UV. Ga MS, milimita 2.1 ya fi, kuma gudun da ya yi daidai da wancan shi ne kusan 0.2. Sai dai siririn gajeren kolom ba ya yafe dogayen bututu masu faɗi. Kolom mai tsawon milimita 50 da faɗin 2.1 ruwan da ke cikinsa bai wuce kusan mililita 0.1 ba, ka ɗaura shi a na'urar da aka tsara don 4.6, tudun da ya matse za su sake bazuwa a hanya kafin su kai na'urar gani.

Me ya sa samfurin jini ya fi wahalar da kolom?

Saboda furotin da fosfolifid, wani nau'in kitse da ke cikin jini. Ka zuba asetonaitiril kashi uku a kan filasma kashi ɗaya, nan take za ka ga ta yi fari ta dunƙule. Bayan an juya ta a na'ura, farin ya kwanta a gindin bututu, ruwan sama ya yi garau. Ido zai ce an gama. Amma fosfolifid na nan narke a cikin ruwan garau ɗin. C18 na riƙe su da ƙarfi, kuma idan gwajin gajere ne ba sa fita a zagayensu, sai su taru su ɓullo a zagaye na gaba ko na bayansa, a daidai lokacin da ba a zata ba. Duk inda suka fito tare da maganin, suna danne siginal ɗinsa, sakamako ya faɗi ƙasa ba tare da wani tudu ya nuna dalili ba.

Ana ganin su idan aka sa MS ta bi gutsuren 184. Ka yi hakan tun kana gina hanya, ka ga inda suke fita, ka tabbata maganinka ba a nan yake ba. Ka ƙare kowane zagaye da wanki na ruwa mai ƙarfi. A nan kolom mai sassaucin riƙo kamar C8 ko fenil na iya fin C18, domin yana sakin su da wuri. Idan abin ya ci tura, a gyara shirin samfur: faranti mai cire fosfolifid, ko tacewa ta SPE, wato bi da samfur ta ƙaramin bututu mai shimfiɗa, ko janye maganin da wani ruwa da ba ya gauraya da samfurin. Sinadarin ma'auni na ciki mai isotof, wato kwafin maganin mai ɗan bambancin nauyi da ake zubawa a kowane samfur, yana rufe wani kaso na matsalar, amma ba ya dawo da siginal ɗin da aka danne.

Ƙa'idar ICH M10 ta 2022, ta ƙasa da ƙasa kan auna magani a jini, ta nemi a gwada hanya da jini daga aƙalla tushe shida daban-daban, kuskure kada ya wuce kashi 15 cikin ɗari, ko 20 a mafi ƙanƙantar ma'auni. Ta kuma ce ragowar da ke biyo baya a samfurin wofi kada ta wuce kashi 20 cikin ɗari na siginal ɗin mafi ƙanƙantar ma'auni. Wannan ragowar wani lokaci daga allura take, wani lokaci daga kolom. Sinadarai masu fosfet da oligoniyukiliyotaid kuma jikin ƙarfen kolom suke maƙalewa, shi ya sa ake ƙera kolom masu rufin ciki domin su.

Kundin magunguna ya rubuta L1. Zan iya sauya kolom?

L1 na nufin C18, L7 C8, L11 fenil, L3 zallar silika, L43 PFP. Ba ka da izinin tsallakawa daga wannan rukuni zuwa wancan ba tare da sabon tantancewa ba. A cikin rukuni ɗaya, babi na 621 na USP, wanda sabon tsarinsa ya fara aiki ranar 1 ga Disamba 2022 bayan daidaita shi da kundayen Turai da Japan, ya yarda a sauya tsawo da girman ƙwaya muddin sakamakon raba tsawo da girman ƙwaya bai sauka da fiye da kashi 25 ba, bai kuma hau da fiye da kashi 50 ba. Misali, hanya ta ce milimita 250 mai ƙwayar 5, wato 50,000. Milimita 150 mai ƙwayar 3 daidai yake, na 3.5 ma ya shiga. Amma milimita 50 mai 1.7 ya fita daga iyaka. Sabon tsarin ya buɗe wannan ƙofa har ga hanyoyin da haɗin ruwa ke sauyawa a cikinsu, da sharaɗin a daidaita gudu da jadawalin sauyin.

Duk da haka, L1 ya ƙunshi ɗaruruwan kolom masu hali daban. Dole gwajin dacewar na'ura ya wuce, kuma ka tabbata jerin fitar gurɓatattun sinadarai bai juya ba.

Yaushe ake buƙatar kolom na musamman don tagwayen madubi?

Wasu magunguna na zuwa a siffa biyu, kamar hannun dama da na hagu. Nauyinsu ɗaya, son ruwansu ɗaya, don haka C18 da MS duk ba sa bambance su. Jiki kuwa yana bambancewa. Tun 1992 hukumar FDA ta Amurka ta fitar da manufar da ke neman masu sabon magani su nazarci kowace siffa. Magunguna irin su esomefurazol da esitalofuram siffa ɗaya ce aka ware, dole a auna ko ɗayar ta kutso. A gwajin ƙwayoyi ma, metamfetamin na hagu na iya fitowa daga maganin selejilin, don haka bambance shi da na dama na iya wanke mutum.

Mafi yawan wannan aiki da shimfiɗun amilos da selulos ake yin sa. Ba a iya hasashen wanda zai yi aiki daga kallon siffa, sai an gwada da yawa. A kula: waɗanda aka shafa shimfiɗarsu shafawa, ba ɗauri ba, ruwa irin su dikiloromitan da THF na wanke ta ta tafi har abada.

Magungunan furotin fa?

Ramuka su ne magana. Masu faɗin angistirom 80 zuwa 120 na ƙananan molikul ne. Furotin ba ya iya shiga, sai a nemi 300 ko sama, da gajeriyar sarƙa kamar C4, da zafi mai ɗan yawa. Maganin antibodi mai nauyin kusan dalton 150,000 kolom ɗaya ba ya isar sa: ana amfani da mai raba girma don ganin waɗanda suka dunƙule, mai musayar caji don bambancin caji, da wani daban don feftaid bayan an yanka shi.

Yaya zan san kolom ya gaji, kuma yaya zan tsawaita ransa?

Ranar da ya iso, ka saka haɗin gwajinka ka rubuta matsi, lokacin fita, faɗin tudu da jela. Wannan takardar ita ce madubinka daga baya. Matsi na hawa a hankali na nufin datti a matatar baki. Riƙo na raguwa na nufin shimfiɗa na zubewa. Jela na ƙaruwa ga masu amin kaɗai na nufin silanol sun fara buɗewa.

Tace samfur da matatar maikiromita 0.2 idan ƙwayoyin ƙanana ne, ka sa ƙaramin kolom mai gadi a gaba idan samfurin mai datti ne, ka sauya shi kafin ya toshe. Kada ka kwana da bafa a ciki. Kada kuma ka tura zallar asetonaitiril kai tsaye a kan fosfet, gishirin zai daskare a ciki. Fara wankewa da ruwa mai ɗan asetonaitiril, ninki 10 zuwa 20 na cikin kolom, sannan ka ajiye shi a ruwan da kamfanin ya faɗa, bakinsa biyu a toshe. Juya kolom don wanke baki yana yiwuwa a wasu, a wasu kuma ƙwayoyin za su zubo, saboda haka a duba takardarsa tukuna.

Na samu kolom da ya raba komai. Na gama ke nan?

Saura abu ɗaya. Hanyar gwajin magani na iya yin shekaru ana amfani da ita, a ɗakunan gwaji daban-daban, kuma kolom ɗin da ke hannunka ba zai kai ba. Kafin ka rufe hanyar, ka nemi kolom uku daga rukunin ƙira uku daban na silika, ba uku daga rukuni ɗaya ba, ka ga ko tazarar tudun da suka fi kusa ta tsaya. Ka gwada sabo fil da wanda ya yi aiki, domin wani lokaci tsufan kolom ne ya ba ka rabuwar. Ka motsa pH da 0.2 sama da ƙasa, zafi da 'yan digiri, ka ga abin da zai faru. Sannan a takardar hanyar ka rubuta cikakken sunan kolom, girmansa, girman ƙwaya da na rami, tare da wani na biyu daga wani kamfani da ka riga ka gwada, domin kamfanoni na daina ƙera kolom ko su sauya yadda suke ƙera shi.